Kama da Wane Ba ta Wane: Amsa ga Ɗalibin da Ya Gauraya C da C++

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane shi.

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne ɗan shekarar farko, ina karanta ilimin kwamfuta. Yanzu muna hutu, ina gida ana aikin kaka. Yayana mai shagon cajin waya a bakin kasuwarmu shi ya tara kuɗi, ya haɗa da na riɗinsa, ya saya mini kwamfuta ta hannu saboda karatun nan. An ba mu aikin gida a darasin C, za mu kai idan an koma. Yau kwana goma sha ɗaya ina fama, duk abin da na rubuta, ina dannawa sai jan rubutu ya fito a ƙasan allo. Na kwafa daga handawut ɗin wani da ya riga ni shiga makaranta, na kwafa daga bidiyon da na sauke a YouTube, harafi bayan harafi, amma ya ƙi. Sau biyu ina kai ta a yi mata fomatin, ana karɓar kuɗina, ba abin da ya sauya. Yaya, cutar yayana aka yi a kwamfutar nan, ko kuwa kaina ne ba na wannan karatu ba? Kunyar haɗa ido da shi nake ji. Har na fara tunanin neman canjin kwas."

Ya haɗo da hotuna uku na allon kwamfutar tasa.

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa yayanka da alheri, ya sa albarka a shagonsa da gonarsa.

Kafin mu shiga komai, kada ka sake kai kwamfutar nan fomatin. Lafiyarta ƙalau. Kwamfutar da ta karanta abin da ka rubuta, ta gano layin da ya gagare ta, har ta gaya maka lambarsa, tana yin aikinta ne yadda ya kamata. Kanka ma lafiyarsa lau. Na daɗe ina duban hotunan da ka turo, kuma tsarin tunaninka a cikin aikin daidai yake: ka san abin da za ka tambayi mai amfani da manhajar, ka san inda za ka ajiye amsarsa, ka san lissafin da za ka yi da ita. Matsalarka guda ce tak. Yare biyu kake magana da su a numfashi ɗaya, har da ɓurɓushin wani tsohon kari na uku, ga shi kuma wanda kake yi wa maganar an umarce shi da ya saurari ɗaya kawai.

Kai manomi ne, ka san gero da maiwa. Lokacin da suke ƙanana a gona, baƙon da bai saba ba zai rantse abu ɗaya ne. Amma gero ya riga maiwa nuna, kuma wanda ya tunkari maiwa da lissafin kwanakin gero zai yi asara. Haka C da C++ suke. C ya fara zuwa. Wani Ba'amurke, Dennis Ritchie, ya ƙirƙire shi wajen 1972 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka. A 1979, a wannan cibiya dai, wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Bjarne Stroustrup ya ɗauki C ya fara yi masa ƙari. Da farko sunan abin "C with Classes", sai a 1983 aka raɗa masa C++. Alamar ++ ɗin nan a cikin yaren C ma'anarta a ƙara ɗaya, wato sunan kansa yana cewa C ne da ƙari. To amma tun daga wancan lokaci kowanne ya kama hanyarsa. Kowanne yana da kwamitin da ke tsara dokokinsa, C ya samu nasa kundin a 1989, C++ a 1998, kuma har yau ana sabunta su daban-daban. Sun yi tarayya a uba, sun yi kama a fuska, amma kowa da gidansa.

Ita kwamfuta ba ta jin ko ɗaya daga cikinsu. Lambobi kawai take ji. Tsakaninka da ita akwai wata manhaja da 'yan makaranta ke kira kamfaila, ni kuwa tafinta nake ce mata, domin aikinta ke nan: ta karɓi abin da ka rubuta ta mayar da shi yaren inji. Dev-C++ ɗin da na gani a hotonka ba shi ne tafintan ba, shi ɗakin rubutu ne kawai. A bayansa akwai tafintoci biyu na zaune, `gcc` da `g++`. Abin da ke tantance wanda za a kira shi ne wutsiyar sunan fayil ɗinka. Idan sunan ya ƙare da `.c`, za a ɗauki rubutunka a matsayin C. Idan ya ƙare da `.cpp`, za a ɗauke shi a matsayin C++. Wannan ɗan bambanci na harafi biyu shi ya cinye maka kwana goma sha ɗaya.

Dubi hotonka na farko. Sunan fayil `aiki.c`, layin farko kuma `#include <iostream.h>`. Amsar da ka samu: "iostream.h: No such file or directory". Kuskure biyu ne a cure wuri ɗaya. Na farko, `iostream` rumbun C++ ne. Ka aiki tafintan C ya ɗebo maka hatsi a rumbun da ba na gidansu ba, ya dawo ya ce bai san da shi ba, kuma gaskiyarsa. Rumbun C na karɓar bayani da fitar da shi sunansa `stdio.h`. Na biyu, ko a C++ ɗin ma `iostream.h` mai wutsiya ya daɗe da mutuwa. Tun da aka fitar da kundin 1998 aka yanke `.h` ɗin, ya zama `iostream` kawai.

A nan ne handawut ɗin da ka ara ya shigo, kuma ina so in ɗan tsaya a kansa, domin ba kai kaɗai yake wahalarwa ba. `iostream.h`, `conio.h`, `clrscr()`, `void main()`, duk waɗannan alamomin Turbo C++ ne, wata manhaja da kamfanin Borland ya fitar a 1990, zamanin da ake aiki da DOS, tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta kafin Windows ya yaɗu. Ta yi aiki a lokacinta. Amma rubutun da aka yi dominta ya girme ka, kuma har yanzu ana ta buga kwafinsa a shagunan bakin makarantu, ɗalibi ya ba ɗalibi, ba wanda ya tsaya ya gwada ko yana tafiya a tafintan yau. Wannan abu yana ɓata mini rai ƙwarai. Yaro ya fito daga gidan da aka sayar da amfanin gona aka tura shi karatu, a miƙa masa takardar da ba za ta yi aiki ba ko da ya kwafe ta babu kuskuren ɗigo, sannan ya koma ɗaki yana zargin ƙwaƙwalwarsa. Ka mayar wa mai shi da handawut ɗinsa cikin mutunci, kada ka sake kwafar komai daga ciki.

A hoto na biyu ka goge layin `iostream` gaba ɗaya don ka huta, sai jan rubutu ya ƙaru. Na san a nan ne gabanka ya faɗi. To ka natsu ka karanta su, za ka ga duk magana ɗaya suke maimaitawa. "'cout' undeclared (first use in this function)". "'cin' undeclared". "unknown type name 'string'". Tafintan C yana ce maka bai san waɗannan kalmomi ba. `cout` da `cin` na C++ ne, daga bidiyon YouTube ka ɗauko su. A C da `printf` ake bugawa a allo, da `scanf` ake karɓa. `string` ma babu shi a C. Idan kana son ajiye sunan mutum, jerin haruffa za ka tanada, kamar `char suna[30];`. Kada `string.h` da ke C ya ruɗe ka, wannan rumbun kayan aiki ne na sarrafa jerin haruffa, irin su `strlen` da `strcpy`, ba shi da alaƙa da `string` na C++ ban da kamar suna.

Ga wata dabara da za ta amfane ka har bayan ka gama makaranta. Lafazin ƙorafin yana gaya maka wane tafinta ne ke magana. Idan ka ga "undeclared (first use in this function)", na C ne. Idan ka ga "was not declared in this scope", na C++ ne. Kamar yadda kake gane Bahaɗeje da Basakkwace daga jimla ɗaya, haka za ka riƙa gane su.

Hoto na uku shi ne wanda ya fi damuna, ko da yake shi ne ya fi kusa da tafiya. Wani abokinka ya ce ka sauya sunan ya koma `aiki.cpp`. Sai ƙorafin ya sauya: "'cout' was not declared in this scope", da "'::main' must return 'int'", da kuma kukan `clrscr`. Waɗannan gyaransu ba wuya. A C++ na yau `cout` yana zaune ne a cikin wata unguwa mai suna `std`, dole ka kira shi da cikakken adireshi, `std::cout`, da ruwa biyu sau biyu a tsakani, ko ka rubuta `using namespace std;` a sama. `void main()` kuma ya koma `int main()`. Ka goge `clrscr()`, ka kuma dawo da layin `iostream` da ka cire, amma ba tare da `.h` ba. Da ka yi haka da aikin ya tafi, da ka yi murna, da kuma ka faɗa rami. Dalili kuwa, tafintan C++ yana jin mafi yawan yaren C, amma tafintan C ba ya jin C++. Don haka a fayil mai `.cpp` za ka iya gwamutsa `printf` da `cout` ka wuce lafiya, ba wanda zai tsayar da kai. Ranar da ka kai wa malaminka, ya buɗe shi a matsayin C tunda C ya koyar, jan rubutun nan zai dawo a gabansa. A jarrabawa kuma, inda biro da takarda ne, `cout` a amsar tambayar C maki ne ya zube. Shawarar abokinka ta rufe ciwon ne, ba ta warkar da shi ba.

Darasinka C ne. Saboda haka daga yau har ka ci jarrabawar wannan darasi, C zalla za ka rubuta. Taura biyu ba ta taunuwa. Bidiyon C++ da ka sauke kada ka goge su, data ka kashe a kansu, kuma za su yi maka rana nan gaba. Ka tattara su a wuri ɗaya ka rufe. Duk bidiyo ko shafin da za ka koya daga gare shi, ka dubi layinsa na farko kafin ka ba shi minti ɗaya na cajinka. In ka ga `stdio.h`, zauna. In ka ga `iostream`, wuce.

Bari in nuna maka abu ɗaya a yarukan biyu, ka gan su kafaɗa da kafaɗa sau ɗaya, don idonka ya riƙe bambancin. Wannan C ne, sunansa `buhu.c`:

```
#include <stdio.h>

int main(void) {
    int buhu;
    printf("Buhu nawa aka samu? ");
    scanf("%d", &buhu);
    printf("An samu buhu %d\n", buhu);
    return 0;
}
```

Wannan kuma C++ ne, sunansa `buhu.cpp`:

```
#include <iostream>

int main() {
    int buhu;
    std::cout << "Buhu nawa aka samu? ";
    std::cin >> buhu;
    std::cout << "An samu buhu " << buhu << "\n";
    return 0;
}
```

Ka rubuta na farkon da hannunka, kada ka kwafa ka manna. Ka adana shi da `.c`, ka lura da kyau wajen adanawa, domin Dev-C++ yakan ba fayil wutsiyar `.cpp` idan ba ka zaɓa da kanka ba. In kuma sabon furojet za ka buɗe, zai tambaye ka na C ne ko na C++, ka zaɓi C. Idan wannan ɗan gajeren ya tafi, kuma zai tafi in sha Allah, ka samu shaidar da za ka nuna wa zuciyarka cewa kwamfutar yayanka ba ta da laifi.

Ka dubi alamar `&` da ke gaban `buhu` a layin `scanf`. Duk wanda ya fara da `cin` ya dawo `scanf` sai ya manta da ita, domin `cin` ba ya buƙatarta. Ma'anarta a nan adireshi. `scanf` ba ya son abin da ke cikin mazubin, wato wurin ajiyar da ka raɗa wa suna `buhu`, so yake ka nuna masa inda mazubin yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta don ya je ya zuba amsar a ciki. Abin tsoron shi ne idan ka manta da ita tafinta zai iya barinka ka wuce, sai manhajar ta fara aiki, ka buga lamba, ta mutu nan take ba tare da bayani ba. Wannan ya fi jan rubutu sharri. Jan rubutu aƙalla yana nuna maka ƙofa. Haka kuma `%d` na lamba cikakkiya ne, `%f` na mai ɗigo, `%c` na harafi ɗaya, `%s` na jerin haruffa. C ba ya yi maka hasashe, sai ka faɗa masa irin abin da ke zuwa.

Akwai wani layi a hotonka na biyu da ba laifin gaurayawa ba ne, kuma ya kamata in wanke ka a kansa: "'for' loop initial declarations are only allowed in C99 or C11 mode". Ka rubuta `for (int i = 0; i < 10; i++)`, kuma wannan halal ne a C tun kundin 1999. Matsalar ita ce Dev-C++ 5.11 da kake amfani da shi ya fito ne a 2015, da tafinta GCC 4.9.2 a cikinsa, wanda idan ba a gaya masa komai ba yake bin dokokin 1989. Daga GCC 5 ne aka sauya wannan. Gyaran: ka shiga Tools, ka zaɓi Compiler Options, a akwatin ƙarin umarni ka rubuta `-std=c99 -Wall`, ka sa alamar amincewa a kansa. Na farkon yana ce wa tafinta ya bi dokokin 1999. Na biyun yana ce masa ya yi maka gargaɗi a kan duk abin da ya ga alamar matsala ko da bai kai kuskure ba, ciki har da mantuwar `&` ɗin nan. Ranar da ka koma C++ sai ka cire `-std=c99`.

Sauran wuraren da yarukan suka raba hanya za ka ci karo da su a gaba, ba sai na jero su duka yanzu ba. Biyu ko uku dai ka sa a aljihu. `bool` da `true` da `false` ginannu ne a C++, amma a C na 1999 sai ka ɗauko `stdbool.h`. Idan ka gina `struct Dalibi`, a C dole ka ce `struct Dalibi a;` wajen amfani da shi, a C++ kuwa `Dalibi a;` ya wadatar. Ta ɗaya ɓangaren kuma, akwai C mai kyau da C++ ke ƙi: kalmomi irin su `new` da `class` da `delete` za ka iya raɗa wa mazubi su a C, a C++ kuwa haramun ne domin kalmomin yaren ne. Haka `int *p = malloc(40);` yana wucewa a C, C++ kuma ya ce "invalid conversion from 'void*' to 'int*'". Shi ya sa duk wanda ya ce maka C++ ya haɗiye C gaba ɗaya, bai faɗi daidai ba. In ka ji ana Java da JavaScript kuwa, waɗannan ma ba 'yan gida ɗaya ba ne, dukansu sun fito a 1995 daga kamfanoni daban-daban, suna ne kawai ya haɗa su.

Yanzu maganar yadda ake karanta jan rubutun, domin na lura tsoronsa kake ji, ba karanta shi kake yi ba. Idan ya fito layi talatin, na farko kawai za ka duba. Tafinta idan ya yi tuntuɓe a layi na huɗu, yakan rikice ya riƙa ganin laifi a duk abin da ya biyo baya, kamar mai ƙirga dami da ya ɓata lissafi tun a farkon kunya. Ka gyara na farko, ka sake dannawa. Sau da yawa ashirin za su ɓace tare da shi. Kowane ƙorafi yana ɗauke da sunan fayil, lambar layi, sannan bayani. Ka je wannan layi. In ba ka ga komai ba ka dubi na samansa, musamman idan bayanin ya ce "expected ';' before", domin waƙafi mai ruwa da ka manta a ƙarshen layi sai a layi na gaba tafinta yake ankara da rashinsa.

Idan kuma ka ga "undefined reference" ko "ld returned 1 exit status", to ka wuce tafinta, kana hannun mai ɗinki ne, wato manhajar da ke haɗa rubutunka da kayan rumbu ta fitar da abu guda. Tana cewa ka ambaci sunan wani aiki amma ba ta ga gangar jikinsa ba. `clrscr` zai jawo maka wannan a C. Haka wanda ya ba `gcc` fayil ɗin C++ a maimakon `g++` zai ga "undefined reference to std::cout", domin `gcc` ba ya ɗinka rumbun C++ da kansa. Wani lokaci kuma dalilin ya fi haka sauƙi: baƙar tagar gwajin da ka yi ɗazu tana nan a buɗe, Windows ya hana a rubuta sabo a kanta. Ka rufe ta ka sake.

Wani abu da ban gani a hotunanka ba amma na tabbata yana jiranka, tunda ku ɗalibai ta WhatsApp kuke tura wa juna aiki. WhatsApp yana ɗaukar kalmar da ke tsakanin taurari biyu a matsayin umarnin kaurara rubutu, sai taurarin su ɓace daga gani, alhali tauraro a C shi ne alamar ninkawa, shi ne kuma alamar manuni, wato mazubin da ke riƙe adireshin wani mazubi. Rubutun da aka kwafo daga Word ko PDF kuma yakan zo da lanƙwasassun alamomin zance a maimakon miƙaƙƙu, tafinta ya ce "stray '\342' in program". In za ku tura wa juna, ku tura fayil ɗin kansa.

Na san wuta ita ce babbar matsalarka a ƙauye, kuma batirin kwamfuta ta hannu ba ya daɗewa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin naƙasu gaba ɗaya. Ka yi makarantar allo, ka san yadda ake yi: a rubuta, a biya, a gyara, sannan a wanke. Ka sami littafin rubutu. Da rana, lokacin hutun gona, ka rubuta aikinka da biro, ka bi shi layi-layi kana zama kai ne kwamfutar, kana rubuta abin da ke cikin kowane mazubi a gefe. Da yamma idan yayanka ya tayar da janareto ko sola ta cika, sai ka shigar ka gwada. Awa ɗaya ta mutumin da ya zo da rubutunsa a shirye ta fi awa biyar ta mai lalube. A bayan littafin ka ware shafuka, duk ƙorafin da tafinta ya yi maka ka rubuta shi da lafazinsa, ka rubuta abin da ya jawo shi da yadda ka gyara. Kafin a koma makaranta za ka ga kusan guda goma ne suke ta juyawa, kuma za ka fara gane su tun daga nesa. Idan wayarka Android ce, akwai Cxxdroid, akwai kuma Termux da za ka sa masa `clang`. Da zarar ka sauke su ranar da ka shiga gari ka samu sabis mai ƙarfi, suna aiki ba tare da data ba. A can ma dokar wutsiyar suna tana nan.

Maganar canjin kwas, ka ajiye ta. Ban ce ilimin kwamfuta na kowa ne ba, akwai wanda zai gwada ya ga zuciyarsa tana wani wuri, kuma ba aibu. Amma ba a yanke wannan hukunci a kan kwana goma sha ɗaya da aka yi ana bin takarda matacciya. Ni abin da na gani a wasiƙarka shi ne yaron da ya dawo daga gona a gajiye ya zauna gaban abin da ke ƙin sa, ya sake zama washegari, har sau goma sha ɗaya, ya gwada hanya uku daban-daban, ya ɗauki hoton kowacce. Wannan naci shi ne jarin sana'ar nan. Na koyar da ɗalibai masu kaifin kai da suka gudu tun a jan rubutu na uku. Ka ba C wata biyu shi kaɗai, da tafintan da ya dace, sannan ka tambayi kanka ko kana son abin. Kuma kada wani ya rage maka gwiwa da cewa C tsohon yayi ne. Zuciyar Linux, wani babban tsarin tafiyar da kwamfuta, da C aka rubuta mafi yawanta, Android kuma a kan wannan zuciya yake zaune, wato kusan duk wayar da ke jere a teburin cajin yayanka C ne ke motsi a ƙarƙashinta.

Sai yayanka. Kunyar da kake ji na fahimce ta, alamar ka san darajar abin da ya yi maka ne. Amma gudun haɗa ido da kake yi, shi yana gani, kuma ba mamaki yana can yana tunanin ko ya saya maka abin da bai kai ba, ko kana raina ƙoƙarinsa. Kada ka bar shi da wannan zargi. Ka gaya masa gaskiya yadda take: kwamfutar lafiya lau, ka yi kuskuren kai ta fomatin don ba ka sani ba, yanzu ka gano bakin zaren. Ba sai ka yi masa bayanin `iostream` ba.

Daga nan ka yi masa wani abu da hannunka. Idan `buhu.c` ya tafi, ka sauya shi ya zama na shagonsa: ya tambayi waya nawa aka yi wa caji yau, nawa ne kuɗin kowacce, nawa aka sayi mai, ya fitar da abin da ya rage. Mazubi huɗu ne, da `scanf` uku, da ninkawa ɗaya da ɗebewa ɗaya, ba abin da ya fi ƙarfin abin da ka riga ka sani. Ka kai masa ranar kasuwa bayan magariba, lokacin da yake ƙirga cinikinsa, ka juya masa allon ka ce ya buga lambobin da kansa.

In ka gwada wani jan rubutu ya fito da ba ka gane ba, ka sake rubuto mini, ka turo layin farko na ƙorafin da cikakken sunan fayil ɗin har wutsiyarsa. Ka gaishe mini da yayan naka da su Baba. Allah ya ba da sa'a.